Binciken kasuwanci don al'umma: Zariya ta shiga zauren duniya da kayanta a hannu

A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara aiki da wasu ƙungiyoyin mata a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar. An ɗora tsarin kan adashi da asusun da matan suka gada, a hankali aka daidaita shi ya zama abin da aka sani yau: mata goma sha biyar zuwa talatin, akwati mai makullai uku a hannun mutum uku, rance daga cikin abin da aka tara, da rabon kuɗi a ƙarshen zagaye na wata tara zuwa shekara guda. Sunansa Mata Masu Dubara. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama a Afirka da Asiya. Amma babban binciken da ake yawan kafa hujja da shi kan irin waɗannan ƙungiyoyi, wanda aka buga a 2017, a Gana da Malawi da Uganda aka yi shi. Ɗalibin digiri na biyu a Samaru, babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ke son rubutu kan dabarar da ta tsiro a ƙasar Hausa, daga waje zai aro akasarin hujjojinsa.

Shi ya sa nake ganin maganar haɗa zumuncin masu bincike na ƙasa da ƙasa kan kasuwanci don al'umma ta shafe mu a Zariya kai tsaye. Abin da nake nufi da kasuwanci don al'umma shi ne ƙungiya ko kamfani da ke saye da sayarwa ko yin hidima ana biya, yana iya cin riba yana iya faɗuwa, amma an kafa shi ne don warware wata matsala ta jama'a, kuma mafi yawan ribar na komawa cikin aikin. Matsayina shi ne irin wannan zumunci ba ya tsayuwa da takardar fahimtar juna da shugabannin jami'o'i ke sa wa hannu a ɗauki hoto. Abin da ke riƙe shi aiki ne guda da ake yi tare shekara da shekaru, kuma wanda ya tsara tambayar, ya riƙe bayanan, shi ne mai gida a cikinsa. Wanda aka aiko wa takardar tambayoyi daga waje ya cike ya mayar, ɗan aike ne, ko da yana da digiri uku.

Turawa ma da aiki suka fara. Ƙungiyar masu bincike ta EMES, wadda ita ce fitacciya a wannan fage, ta samo asali ne a 1996 daga bincike guda da Tarayyar Turai ta biya kuɗinsa, inda masana daga ƙasashe 15 na tarayyar a lokacin suka zauna kan tambaya ɗaya: wane irin kasuwanci don al'umma ne ke tasowa a ƙasar kowa, kuma me ya haɗa su? Sai a 2002 ta zama ƙungiya mai rajista a Beljiyam. Taruka da makarantar hutu ta ɗaliban digiri na uku duk bayan aikin suka biyo. A 2013 Jacques Defourny da Marthe Nyssens suka jagoranci wani babban aikin kwatance mai suna ICSEM, wanda ya tara masu bincike fiye da 200 daga ƙasashe fiye da 50. Manyan kundaye huɗu suka fito daga cikinsa: na Asiya, na Latin Amurka, na Yammacin Turai, da na Tsakiya da Gabashin Turai. Afirka ba ta samu nata ba a cikin huɗun. Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. Wanda ya zo da tarin bayanai da aka tattara bisa tsari, shi ake buɗe wa babi.

Ma'aunin da EMES ke amfani da shi alamomi tara ne. Uku na tattalin arziki: ana samar da kaya ko hidima ba yankewa, akwai kasadar asara ta gaske, akwai aƙalla wasu ma'aikata da ake biya. Uku na manufa: an fito fili an ce don amfanin al'umma ne, gungun jama'a ne suka kafa, an taƙaita rabon riba. Uku na shugabanci: cin gashin kai, ƙuri'ar mutum ba ta bin yawan jarinsa, kuma waɗanda aikin ya shafa suna da ta cewa. Masu ma'aunin sun sha faɗa cewa jagora ne, ba sharaɗin shiga ba. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka mai da shi takardar tambayoyi aka kawo nan. A Italiya dokar 381 ta 1991 ta ware ƙungiyoyin gama kai na jin ƙai, har ta ce masu samar da aikin yi ga marasa galihu sai kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatansu sun kasance daga cikin marasa galihun. Birtaniya ta fito da nau'in kamfani na amfanin al'umma a 2005, Koriya ta Kudu ta fara aiki da tata dokar a 2007. A waɗannan ƙasashe mai bincike zai je ofis guda ya karɓi jerin sunaye. A Najeriya dokar kamfanoni ta 2020 ba ta ware wa wannan kasuwanci gurbi ba. Wasu suna rajista a matsayin kamfani na yau da kullum, wasu a matsayin amintattu, ƙungiyoyin gama kai kuma a ofishin jiha suke rajista. Mafi yawa ba su da takarda ko ɗaya.

To wa zai ƙirga masallacin da ya gina shaguna yana biyan malaman Islamiyya da kuɗin haya? Ko rijiyar burtsatse ta unguwa da ake sayar da jarka a tara kuɗin gyaran famfo da man janareta? Ko matan da ke haɗa jari su sayi buhun gyaɗa, su tatsi mai, su soya ƙuli-ƙuli, su ware wani abu don mai haihuwa da mai rashin lafiya? Baƙo zai ga Babban Gona, kamfanin da ke tallafa wa ƙananan manoma, wanda Kola Masha ya kafa a 2012 a jihar Kaduna, domin yana da ofis da rahoton shekara da Turanci, kuma ya cancanci a yi nazarinsa. Sauran kuwa sai ɗan gari.

Zariya ta taɓa yin irin wannan aiki, kuma da tsohuwar zuma ake magani. A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa Sashen Binciken Tattalin Arzikin Karkara a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. David Norman da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku bisa nisansu da birni: Hanwa, wadda yanzu gari ya haɗiye, da Doka a kan hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi da ke can ciki. A 1966 zuwa 1967 malaman tattara bayanai suka riƙa zuwa gidajen manoma sau biyu a mako, shekara guda cur, suna rubuta aikin da aka yi da abin da aka kashe. A lokacin shawarar malaman gona ita ce a shuka iri ɗaya a gona ɗaya. Alƙaluman suka nuna manomin da ke haɗa gero da dawa da wake yana da hujja: gonarsa ta fi kawo amfani, kuma idan damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Wannan aiki na cikin tushen fagen nazarin tsarin noma da ya bazu duniya daga baya. Emmy Simmons ta bi waɗannan ƙauyuka a farkon shekarun 1970 ta yi nazarin sana'o'in abinci na matan da ke cikin gida. Masana daga ko'ina sun karanta Samaru ne saboda Samaru na da abin da ba a samu a wani wuri.

Abin da nake ba da shawara ke nan a sake, wannan karon da jagorancin 'yan gida. Matakin farko rajista ce. A ɗauki ƙananan hukumomi huɗu, misali Zariya da Sabon Gari da Soba da Kudan, a nemo sunaye ta hanya uku: littafin ofishin ƙungiyoyin gama kai, bakin masu unguwanni da limamai da sarakunan kasuwa, da kuma tambayar kowace ƙungiya ta ambaci wasu biyu da ta sani. Littafin ofis kaɗai yaudara ne, domin duk lokacin da gwamnati ta fito da shirin rance, ƙungiyoyin takarda kan yi yawa, su mutu ranar da aka gama rabo. Tambaya uku ke tace su: kun zauna a cikin wata ukun da suka wuce, ina littafin kuɗi, me ya shigo me ya fita a bara. Daga waɗanda suka tsallake a zaɓi sittin zuwa tamanin, a bi su shekara biyar, sau biyu a shekara: bayan kaka, wajen Disamba da Janairu, lokacin da kuɗi ke hannu, da kuma Afrilu zuwa Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ana neman kuɗin taki. Kada a je a Yuni da Yuli, manomi na gona. A duba kalandar azumi kafin a tsayar da rana. Ƙungiyar da ta watse kuma kada a share ta daga jeri. A nemo shugaba da ma'aji da mamba guda a ji daga bakin kowa daban. Binciken da ke bin masu rai kawai kullum labarin nasara yake bayarwa, alhali abin da masu kafa sababbi suka fi buƙatar sani shi ne me ke kashe su.

Takardar tambayoyi da Hausa za a fara rubuta ta, sannan a juya zuwa Turanci da Faransanci don abokan aiki, wani mutum daban ya sake juyo ta Hausa a gwada da ta asali. A gwada ta kan mutum goma sha biyar zuwa ashirin kafin a fita, kuma kada ta wuce minti arba'in da biyar. Akwai wuraren da takardun waje ke tuntuɓe kullum. Idan ka tambayi ƙungiyar Musulmi nawa take karɓa na kuɗin ruwa, amsar da za ka ji ita ce ba ma karɓa, ka rubuta sifili, lissafinka ya lalace. Tambayar da ke aiki ita ce: wanda ya karɓi dubu goma, nawa yake mayarwa, yaushe, kuma da sunan me? A nan za ka ji kuɗin hidima, ko sayar da taki bashi a kan farashin da aka amince, ko biyan kuɗi tun kafin girbi a karɓi hatsi daga baya. Waɗannan suna da hukuncinsu a fiƙihu, murabaha da salam, shi ya sa dole malamin shari'ar Musulunci daga harabar jami'ar da ke Kongo, a Zariya, ya zauna a teburin tun ranar farko. Awo ma haka: tiya da mudu da buhu ba nauyi ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka kowace tawaga ta riƙe sikeli ta auna. Riba kuwa, wani bincike da aka yi kan ƙananan 'yan kasuwa a Siri Lanka, aka buga a 2009, ya nuna tambayar mutum ribarsa kai tsaye ta fi kusa da gaskiya a kan tara cinikinsa a cire abin da ya kashe. A yi duka biyun, a ga inda suka saɓa.

Rabin masu tattara bayanai su zama mata, in ba haka ba sana'o'in cikin gida za su ɓace daga lissafin baki ɗaya. Horo na kwana biyar, mai duba aiki ya koma wa kashi goma cikin ɗari na waɗanda aka yi hira da su, a biya haƙƙin kowa a ƙarshen mako. Wanda aka riƙe wa kuɗinsa wata uku, ƙarƙashin bishiya zai zauna ya cike takardun da kansa. Hirar da aka naɗa ta awa guda kan ci awa huɗu zuwa shida kafin a rubuce ta, ban da fassara, kuma wannan ne layin da aka fi mantawa a kasafi.

Sai maganar inda bayanan za su kwana, kuma a nan ne ake cutar mu ba tare da an ɗaga murya ba. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox kyauta ce kuma tana aiki a waya ko babu intanet, amma wanda ya buɗe asusun shi ke da makulli. Idan abokin aiki na waje ne ya buɗe, ranar da tallafin ya ƙare sai ka roƙa kafin ka ga abin da ɗalibanka suka tattara. A rubuta a yarjejeniya, kafin a yi hira ta farko, cewa asalin bayanan na zaune a Zariya, a ma'ajiyar jami'a irin ta Laburaren Kashim Ibrahim, da kwafi biyu a wurare daban. Abin da zai tsallaka iyaka a cire masa sunaye da lambobin waya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. A ba waɗanda suka shiga fili wata goma sha takwas zuwa shekara biyu su fara rubutu kafin a buɗe wa kowa, domin malamin da ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai yi tsere da wanda ke da mataimaka da wutar lantarki ba dare ba rana ba. Jerin sunayen marubuta ma a yanke shi tun farko. Tsarin CRediT ya kasa aikin bincike gida 14, daga ƙirƙirar tambaya zuwa tsare bayanai, kuma yana rage gardama idan an cike shi da wuri. Ba sabon abu muke nema ba: hukumar KFPE ta Suwizalan ta taɓa fitar da ƙa'idoji 11 na haɗin gwiwar bincike, akwai kuma ƙa'idar TRUST ta 2018 da Tarayyar Turai ta runguma. Wanda ya ƙi sa hannu kan abin da nahiyarsa ta rubuta ya gaya maka abin da ya zo nema.

Kuɗi ma yana da ramukansa. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta kai 1,500. Duk kasafin da ba a rubuta wa zai ɗauki riba ko asarar canji ba, rigima ce ke jira. Masu tallafi da yawa kuma cewa suke kashe naka mu biya ka daga baya, alhali sashe a jami'armu ba shi da abin da zai fara kashewa. A nemi kason farko a hannu. Sannan tallafin waje yana iya yankewa dare ɗaya. A 2021 Birtaniya ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ayyukan bincike da ke tsakiyar tafiya suka sha sara. A 2025 Amurka ta wargaza hukumarta ta agaji, USAID. Don haka ziyarar nan ta sau biyu a shekara, wadda ita ce ƙashin bayan komai, da kuɗin gida za a riƙe ta: asusun bincike na TETFund, tsofaffin ɗalibai, ko waƙafin 'yan shaguna da hayarsu za ta riƙa biyan masu tattara bayanai shida da ɗalibai biyu. Kuɗin waje ya zo ya ƙara ɗaki, kada ya zama harsashi.

Da wa za a fara? Ni dai na ce da maƙwabci. Maraɗi na da Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankulodo, Yamai na da LASDEL, cibiyar da aka kafa a 2001 wadda ta yi suna wajen binciken zama da mutane na dogon lokaci. Harshe ɗaya, adashi ɗaya, addini ɗaya, amma kuɗi biyu da doka biyu: ƙungiyoyin gama kai na Nijar na ƙarƙashin dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, namu na bin dokar 1993 da dokokin jihohi. Mai son sanin abin da doka ke yi wa ƙungiyar mata da wuya ya samu wurin kwatance da ya fi wannan, kuma wannan ne zai sa masani a Beljiyam ko Kanada ya nemi mu da kansa. Siyasa ta taɓa rufe iyakar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, don haka a tsara aikin yadda kowane ɓangare zai iya ci gaba ko babu tafiya. Bayan Nijar sai Indonesiya, inda ƙungiyoyin Baitul Mal wat Tamwil ke haɗa zakka da sadaka da rancen sana'a a rufi ɗaya, da Bangaladash mai bankin Grameen tun 1983. CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar tun 1973, ƙofa ce ta shiga sauran Afirka. Turai na nan, kuma muna son ta, amma bizar Shengen kaɗai yuro 90 ce da ba a mayarwa idan an hana ka, jami'o'insu kuma sau da yawa ba sa barin ma'aikatansu zuwa jihar Kaduna saboda gargaɗin tsaro. Zumuncin da ya dogara da jirgi, mutum biyu ko uku ne kawai za su ci moriyarsa. Zama na awa ɗaya da rabi ta intanet sau ɗaya a wata, takarda guda da aka raba mako guda kafin ranar, ɗalibi ya gabatar, malami daga wata ƙasa ya yi sharhi, murya kawai idan layi ya yi rauni, ya fi babban taro na shekara haɗa mutane. Kowane ɗalibin digiri na uku ya samu mai duba shi biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje.

Wasu za su ce a rufe ƙofa kawai, mu yi abinmu. Ban yarda ba. Tun da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da ƙuduri kan wannan fanni na tattalin arziki a 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi sahu a Afrilun 2023, ana ta tsara ma'anoni da hanyoyin ƙidaya da gwamnatoci za su ɗauka. Ma'aunin da aka yanke ba mu nan shi za a kawo a auna mu da shi, shi kuma zai raba wa ya cancanci rance da sassaucin haraji.

Laifin gida ma a faɗe shi. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu yana ƙirga yawan takardu, ba ya ba wanda ya tsare tarin bayanai na shekara biyar maki ko ɗaya, shi ya sa kowa ke ɓoye nasa a kwamfuta har ta lalace da shi. Mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu sun zubar da ƙimar ayyuka masu kyau. Masana shari'a da mulki na Kongo da masana tattalin arzikin noma da zamantakewa na Samaru gari ɗaya suke, amma sau da yawa a taron wata ƙasa suke sanin aikin juna. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Dole a yi tanadin yadda ziyarar fili ba za ta tsaya ba ko an rufe azuzuwa, domin zagaye ɗaya da aka tsallake ba ya dawowa.

Masu ƙungiyoyin su kansu mambobi ne a wannan zumunci, da kujera da ƙuri'a. Bayan kowane zagaye a mayar musu da sakamako: shafi biyu da Hausa, boko da ajami, kowace ƙungiya ta ga inda take tsakanin takwarorinta ba tare da an bayyana sunan kowa ba, a karanta a gaban mambobi, a kuma sa a shirin rediyo, cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru ta daɗe tana wannan aiki da manoma. Aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tambayoyin kowace shekara su fito daga bakinsu. Nasu tambayoyin sun sha bamban da na mujallu: me za a yi idan ma'aji ya rasu kuɗi na hannunsa magada suka ce ba su sani ba, nawa ya kamata a ware wa gyaran famfo daga cinikin kowace jarka, ya za a yi da mambar da ta ci rance mijinta ya karɓe. Amsar kowace ɗaya tana buƙatar a duba ƙungiyoyi da yawa a ƙasashe da yawa a ga wace dabara ce ta riƙe, kuma wannan aiki ne da masu bincike na Zariya da Maraɗi za su iya farawa a kakar bana da ƙungiyoyi ashirin kowane ɓangare.